Tauraron da Na Ce Namu Ne

Greensboro,
Laraba, cikin watan Agusta, 1996.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar nesa, duk da bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, har ina jin ƙarar akwatin da kike ja a ƙasa. Allah Ya kai ki Arizona lafiya ranar Asabar, Ya tsare ki a sama, Ya tsare ki a ƙasa, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa karatun taurarin nan da za ki ya zame mana alheri baki ɗaya.

Na koma rubutu ne don na gwada baki shekaranjiya, kin kuma ga yadda aka tashi. Ni ina Hausa, ke kina Turanci, Mamanki na tsakani tana kwashe kwanuka kamar kurma. Da gangan na rubuta da Hausa. Inda kalma ta tsaya miki ki tambaye ta, tunda ita ta koya miki karatun, ba ni ba.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba. A ce 'yar da na haifa za ta canza sunanta a kotu, ni kuma sai a bakin Alhaji Garba zan ji, a ƙofar masallaci, ina sunkuye ina neman takalmina. Ya je kotun ne kan takardun motarsa, kin kuma san shi, ba ya wuce allo bai karanta ba. Sai ya ga takardarki a manne. Ya bari sai da jama'a suka taru, sannan ya ce, "Malam Sama'ila, ashe mun kusa yin Sara a gida? Allah Ya sanya alheri." Ya faɗi tsohon sunan, ya faɗi sabon, a hankali, kamar mai karanta wasiyya. Ke ba ki san nauyin "Allah Ya sanya alheri" a bakin Alhaji Garba ba. Ni na sani. Na ce amin, na sa takalmin dama a ƙafar hagu, na tafi.

Kin ce jibi Juma'a kwanakin manna takardar za su cika, za ki koma wurin magatakarda a gama, don ki isa sabuwar jami'a da sunan da ba zai sarƙe harshen kowa ba. Ba ni da ikon hana ki, shekarunki ashirin da biyu, dokar ƙasar nan kuma ba ta tambayar uba. Amma kin jefe ni da maganganu biyu a kan tebur, na kasa amsa su a lokacin. Kafin in amsa su sai na fara da wani laifi da ba ki ambata ba, don daga shi sauran suka fito.

Shekarar da na zo garin nan karatun aikin gona, kafin a haife ki, a East Greensboro muka kama ɗaki ni da Mamanki. Maƙwabcinmu wani ɗan China ne, Mista Lin, yana karatun kimiyya. Kin san shi da furfura, mai kawo miki alewar gyaɗa, ni na san shi siririn saurayi mai tsohuwar mota da ba ta tashi sai an tura. Wata rana cikin kaka ya kai ni wata gonar dawakai a Summerfield zan ɗebo ƙasa don gwaji. Muka gama, motar ta ƙi tashi. Na yi magariba a gefen shinge, shi kuma ya jingina da mota yana kallon sama. Da na sallame ya nuna mini taurari biyar ɗin nan na arewa masu kama da harafin W, ya ce in dubi na tsakiya.

Ya ce, "Wannan sunansa daga wajenmu ya fito. Turawa sun ɗauka sun sa a littattafansu." Ya rubuta mini a bayan ambulan: Tsih.

Na ga T da S a jere, murna ta kama ni. Shekara guda ke nan ban ga haruffan nan biyu sun zauna tare a farkon kalma ba. Na ce me yake nufi? Ya ce a labaransu akwai wani gwanin tuƙa keken doki, shi da dawakinsa huɗu suna nan cikin taurarin da ke kusa, wannan na tsakiyar kuwa abin da yake tsula wa dawakin ne. Ya ɗauki tsinke ya zana mini rubutunsu a ƙasa, ya ce ɓangaren sama alamar gora ce, don da gora ake yin abin.

Na ce, "Tsaya, Lin. Siririyar sanda ta dukan dabba?"

Ya ce, "Ita."

Na ce, "Ai tsumagiya ke nan. Tsi, tsumagiya. Bawan Allah, wannan suna namu ne. Fatakenmu ne suka kai wa Larabawa, Larabawa suka kai muku."

Ya yi dariya, ya ce, "Sama'ila, mutanenmu sun rubuta sunan nan tun kafin a san takarda a yawancin duniya."

Na ce, "Mu ai ba ma bukatar rubutu, a ka muke riƙewa."

Bai ƙara musu ba. Ya ce to in zo in tura mota.

Ki duba girman wautar. Mutum ya ciro abin gadonsa ya nuna mini don zumunci, ni kuma na sa hannu na ce nawa ne. Ba hujja, ba littafi, sai haruffa biyu da kewar gida. Da a nan na tsaya da sauƙi. Na yi shekaru ina yawo da labarin, a wurin suna, a wurin cin abincin Sallah, kowa na kaɗa kai, don wa zai ƙi a ce masa yana da tauraro? Sannan na ba ki shi. Kina aji huɗu kika tashi gaban 'yan ajinku da kwalin da kika yi wa zane, kika ce akwai tauraro mai sunan Hausa, Babanki ne ya faɗa. Malamar ta duba littafi ta gyara miki a gaban kowa. Kika dawo gida ba ki ci abinci ba. Ni kuwa me na yi? Na ce Turawa ne ba sa son a ce baƙar fata na da komai. Na san ba gaskiya na faɗa ba tun kalmar tana bakina. Ban taɓa ba ki haƙuri ba. Ga shi yau ina bayarwa, a makare.

To ki riƙe wannan. Za ki shiga cikin mutanen da aikinsu ke nan raɗa wa abubuwa suna da lamba. Duk abin da kika tarar da suna, ki tambayi wa ya raɗa shi kafin ki taɓa. Idan na wani ne ki ce na wane ne, ko da ba ya wurin, ko da ya mutu. Idan ba ki sani ba ki ce ban sani ba, kalmomi uku ne, ba su taɓa kashe kowa ba. Kuma kewar gida ba hujja ba ce. Ni na gwada.

Ke da kanki kika gaya mini bara cewa a nan wasu ba ma Tsih suke kiransa ba, wai Navi, don wani ɗan sama jannati ya juya sunansa na tsakiya ta baya ya liƙa masa. Kin faɗa kina dariya. Ni ban yi dariya ba, har yau kuma abin na ci mini rai. Tauraro na zaune da sunansa tun zamanin da ba a san iyakarsa ba, mutum ya zo jiya ya manna masa nasa, a juye ma, kamar rigar da aka sa cikin duhu. Sai daga baya na lura cewa abin da ya yi shi na yi a gonar dawakai. Bambancinmu kawai shi an saurare shi.

Yanzu ga maganarki ta farko. Kin ce, "Daddy, kai ma ai Sam ne a wurin aiki." Gaskiya ne. Ranar da na fara aiki a ɗakin gwajin ƙasa, shugaban wurin ya dubi takardata, ya buɗe baki, ya rufe, ya ce, "Za mu kira ka Sam, ko?" Ina da ke a goye, ina da Mamanki, ina tsoron kada a ce baƙon nan mai wuyar sha'ani ne. Na ce ba komai. Daƙiƙa biyu na ɗauka, na yi shekara ashirin ina biya. An buga shi a ƙofar ofis, an ɗinka shi a aljihun farar rigata. Akwai mutanen da muka tsufa tare a wurin nan, sun ci tuwon Mamanki, sun zo bikin gama makarantarki, ba su san sunana ba. Ba mugunta suka yi ba. Ni ne ban taɓa ba su aikin koyo ba. Mutanen da ke furta sunayen sinadarai masu tsawon igiyar guga ba za su kasa furta Sama'ila ba, ba a dai nema daga gare su ba ne.

Na san abin da kika sha ya fi nawa. Na san an kira ki Sahara tun kina 'yar ƙarama, yara na tambayarki ina raƙuminki. Ina zaune a cikin taro ranar da kika karɓi digiri, mai kiran sunaye ya zo kan naki ya tsaya, ya yi tari, ya kira harafin farko kawai da sunana. Shekara huɗu kina gaban ajinku, ba a sami mai tambayarki yadda ake faɗa ba kafin a hau mumbari. Na so in tashi. Mamanki ta danne mini gwiwa, ta ce, "Malam, zauna, ranarta ce, ba taka ba." Don haka kada ki ɗauka ban ga ciwon ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganin. Su suka kasa, ke za ki je kotu a hukunta ki.

Da Lin ya zo mana sallama kafin ya koma California wajen ɗansa, na ba shi haƙuri kan tsumagiya. Ya ce ya manta, amma bai manta ba, don nan take ya ƙara da cewa, "Ka san ko Tsih ɗin ma ba haka muke faɗa ba?" Ya furta mini nasu, wani gajeren sauti kamar mutum zai ce "tsa" ya fasa a hanya. Ya ce wanda ya fara rubuta shi da haruffan Turawa abin da kunnensa ya ba shi ya rubuta. Na ce to ba ka jin haushi? Ya ce, "Ina ji. Amma gurgun suna yana iya ɗingisawa ya koma gida. Duk wanda ya ga Tsih zai ce wannan daga ina, ya bi sawu har ya iso wurinmu. Wanda ya ga Navi fa, ina zai bi?"

Shi ne nake so ki auna. Sahara ɓatanci ne, amma akwai sawu a cikinsa. Wanda ya kira ki haka za ki iya tsayar da shi ki gyara masa, idan mai hankali ne ya tambaye ki sunan wace ce, ki ba shi labari. Sara suna ne mai kyau, sunan matar annabi ne, ba na zaginsa. Sai dai ba ya kai kowa ƙofar gidanmu. Idan kin rubuta takardunki na ilimi da shi, wata yarinya a Katsina ko a nan East Greensboro za ta gani ta wuce, ba za ta san tata ce ta rubuta ba. Shawarata, a wurin aiki da wurin karatu, ki faɗi sunanki sau ɗaya a hankali ranar farko, ki sake faɗa rana ta biyu, kada ki yi murmushin ban haƙuri yayin da kike faɗa. Kwana uku ne na rashin jin daɗi. Ni jiya na shiga wurin sakatariyarmu na ce a sauke allon ƙofata a rubuta shi cikakke. Ta ce, "Sam, lafiya?" Na ce Sam ya yi ritaya. Sau huɗu ta gwada, na biyar ta samu, har da ɗan tsayawar tsakiya.

Saura maganarki ta biyu, wadda ta hana ni cin abinci. Da Hausa kika faɗe ta, don ki tabbata ta shiga. Kin ce, "Baba, tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinka ba. Ko sau ɗaya. Idan kai kana jin kunyarsa, don me ni zan ɗauke shi har Arizona?"

Na tashi na bar tebur, kika ɗauka fushi ne. Fushi ne, amma ba da ke ba. Kalmar da kika zaɓa daidai ce, ma'anar da kika ba ta ce ba daidai ba, kuma ba wanda ya jawo haka sai ni.

I, ina jin kunyar sunan. Amma kunyarmu ba irin wadda kike nufi ba ce, ta abin da ake ɓoyewa don muni. Sunan mahaifiyata ne. A inda na tashi ɗa ba ya kiran sunan uwarsa, ko a gabanta ko a bayanta, ko bayan ta rasu. Idan ya ji wata mai sunan a kasuwa sai ya ce "mai sunan Inna". Idan ya sa wa 'yarsa sunan, ya ba ta mafi tsadar abin da yake da shi, daga ranar kuma bakinsa ya rufe a kansa. Shi ya sa kike Ummi. Ba laƙabin wasa ba ne. Ummi na nufin uwata. Shekara ashirin da biyu ina kiranki uwata safe da yamma, ina zaton kin sani.

Ta ina za ki sani? A gida yaro ba a gaya masa wannan, yana gani ne. Yana da gwaggo da za ta kira sunan da ƙarfi daga zaure, yana da kaka da za ta tsokane shi da shi, yana da maƙwabta goma masu Ummi da Abba a gidajensu. Sunan na yawo a bakin kowa, uba kaɗai ke shiru, shirunsa kuma kowa ya san girmamawa ne. Ni na ɗauko shirun na kawo shi North Carolina, na bar gwaggo da kaka da maƙwabta a baya. Mamanki ma surukar Inna ce, ita ma ba ta faɗa. Sai ya zama mutanen da suka iya furta sunanki daidai a duk faɗin garin nan sun yi gum, waɗanda ba su iya ba su ne ke kira. Kin tashi ba ki taɓa jin sa da daɗi ba. Wannan ba laifin malamar aji huɗu ba ne, ba na mai kiran sunaye ba ne. Na zauna ina jin haushin Amurka, ashe ɓarnar a falona take.

Ba ki san Inna ba, ta rasu kina da shekara biyu, hoto ɗaya ne ya haɗa ku. Ba ta yi boko ba, amma ita ce ta fara nuna mini sama. Idan an gama tuwo ta shimfiɗa tabarma, sai ta ƙi fara tatsuniya sai mun nemo mata Kaza da 'Ya'yanta mun ƙirga 'yan tsakin. Wanda ya ce bakwai ta ce ya cika ƙarya, wanda ya ce biyar ta ce ya je ya wanke ido. Da Gamzaki take tashi, ba ta taɓa mallakar agogo ba. Ita ba ta taɓa cewa tauraron wani nata ne ba, ni ne na yi wannan da digirina. Da kika ce mini taurari za ki karanta, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗan jima, kika ce wa Mamanki Baba bai ji daɗi ba. Ba haka ba ne. Na ga mai sunan ta bi sawun mai sunan ne, ban kuma iya faɗa ba.

Nasihata a nan gajeriya ce. Al'adar da kika ɗauka zuwa wata ƙasa, ki tafi da bayaninta. Idan Allah Ya ba ki 'ya'ya, kada ki bar su su yi ta fassara shirunki da kansu, za su fassara shi da harshen da suke ji a waje. Kuma ke ma, idan abu ya dame ki game da ni, ki tambaye ni kafin ki tambayi magatakardan kotu. Ina da wuyar magana, na sani, amma ban kai allon sanarwa ba.

Sauran ƙananan abubuwa Mamanki ta riga ta cika miki kunne da su. Ki sha ruwa, an ce garin ya fi Sakkwato zafi. Aikin dare kada ya cinye miki asuba. Ki kira ta ranar Lahadi, ni ko ba ki neme ni ba ina kusa da wayar ina yin kamar ina karanta jarida.

Jibi idan har kin ce sai kin je kotun, ni zan kai ki da motata, in jira ki a waje, ba zan ce uffan ba. Na yi alkawari. Abu ɗaya nake roƙo kafin nan. Gobe bayan isha'i ki fito bayan gida. Tauraron Lin yana tasowa ta arewa maso gabas, saman itacen maƙwabta, ki nuna mini shi ki gaya mini abin da littattafanku suka ce, ni kuma ba zan ƙara ko wasali ba. Sannan zan kira ki, da baki, yadda Inna ta ji ana kiranta. Idan za ki ajiye suna, ki ajiye shi bayan kin ji shi daidai ko sau ɗaya, ba wanda aka tauna aka ba ki ba.

Kada ki ɗauka abu ne mai sauƙi. Yau da rana na zauna cikin mota a wurin ajiye motoci na ofis, na rufe gilashi, na nemi gafarar Inna, na gwada. Sau biyu harshena ya ƙi. Na uku ya fita, na kuma daɗe ban tayar da motar ba.

Allah Ya yi miki albarka. Ya tsare tafiyarki da zamanki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na hanya, Ya buɗe miki abin da kika je nema, Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya jiƙan mai sunan, Ya raya mai sunan.

Allah Ya tsare mini ke, Tsahare.

Mahaifinki,
Sama'ila.